Saniyar da Ba Mu Yanka Wa Baffa Ba

Daga Allah muka zo, kuma Baffa ya riga mu komawa gare Shi a farkon daminar bana, a gidansa na Inkil, bayan jinyar da ta cinye masa bazara sukutum. Allah Ya jiƙansa. Ni mai wannan rubutu 'yar ƙanensa ce, amma a hannunsa na tashi tun ina rarrafe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har ya bar duniya bai taɓa kirana da wani abu ba sai "Uwata".

Na halarci zaman makoki ba adadi a garin Bauchi, amma ban taɓa ganin irin na Baffa ba. An saba mai gaisuwa ya shigo, a shafa fatiha, ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri da zumunci, ya tashi. Ban da a gidanmu. Wata tsohuwa daga unguwar Ɗan Iya ta zauna kusa da ni tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Allah Sarki Malam, shi ya hana ni cin akuyata." Wata ta karɓe, "Ke akuya ɗaya? Ni kajina kaf ya sa na binne, ana gobe sallah." Ta uku ta ce har rijiyar gidansu ya sa aka rufe. Kowace da abin da ya raba ta da shi, kuma kowace kuka take yi bil haƙƙi. Wata baƙuwa da ta rako maƙwabciyarta ta raɗa mini, "Wai mutumin nan alheri ya yi musu ko ɓarna?" Dariya ta kusa kuɓuce mini a tsakiyar makoki.

Maman asibiti ma ta zo. Maƙwabciyarmu ce, Kirista daga kudancin jiha, tsohuwar nas, katanga ɗaya ce tsakaninmu tun kafin unguwar ta cika. Ta rungume Inna, matar Baffa, ta ce da Hausarta wadda mace da namiji duk "ya" ne a cikinta, "Inna, abokin aikina ya tafi. Yanzu in saniya ya faɗi, wa zai hana su?"

Ashe tambayar tata ba ta yi nisa ba. Ranar sadakar bakwai saura ƙiris mu ciyar da mutanen da suka zo yi wa Baffa addu'a irin naman da ya ƙare rayuwarsa yana hana su ci. Wannan ne ya sa na zauna rubutu. Jikokinsa sun san shi tsoho mai sanda da faɗa, ina so su san faɗan na mene ne.

A ruga aka haife shi. Cikin 'ya'yan kakanmu shi aka tura makaranta, ba don an fi son sa ba, sai don an ga shi ne siriri, wai ba zai jure kiwo ba. Ya fito malamin dabbobi, ya yi shekaru yana zaga rugage a kan babur da akwatin allurar rigakafi ɗaure a baya. Ya ga zamanin bushiya, annobar nan ta shanu, da idonsa, lokacin da mutum zai kwana da garke ya wayi gari da igiyoyi kawai. Bai cika son ba da wannan labarin ba. In an matsa masa sai ya ce, "Na ga dattijo yana kuka kamar yaye," ya sauya magana. Da ya yi ritaya ya dawo Inkil, ya ajiye 'yan shanunsa a bayan gida, amma aikin bai taɓa yin ritaya daga jikinsa ba.

Ko gaisuwarsa daban ce. In ka durƙusa gabansa zai ce, "Ya shanu? Ya awaki? Kaji fa, suna ci?" Sai ya gama da masu ƙafa huɗu da masu fukafuki sannan ya ce, "To, ya yara?" Farkon aurenmu maigidana ya ji zafin abin. Ya ce mini, "Wai tsakanina da akuya wa Baffanki ya fi so?" Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, na je na faɗa wa Baffa a gabansa. Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, akuyarka ce take fara sanin abin da zai same ka. Rijiyarku ɗaya, tsakar gidanku ɗaya, ƙudan da ya tashi daga kanta a tuwonka zai sauka. In ta ce mini lafiya, sai in yarda da taka."

In kuwa aka ce masa wani yana zazzaɓin da ya ƙi jin magani, tambayarsa ta farko ita ce, "Me ya mutu a gidansu kwanan nan?" Mutane da yawa sun ɗauka baƙin baki ne. Shi kuwa so yake ya ji ko kaza ce, ko tunkiya ta yi ɓari, ko an tsinci ɓeraye a rumbu.

Ɓerayen nan su suka haɗa shi aiki da Maman asibiti. Da rani, in aka fara jin labarin zazzaɓin Lassa, sai ka gan su gida-gida, ita da lema shi da sanda. Ita tana duba murfin tukwane da inda ake ajiye ruwan sha, shi yana leƙa rumbu yana faɗa da masu shanya hatsi a ƙasa. Ranar da ya kama samarin unguwa sun cinna wa daji wuta suna farautar gafiya, ina jin muryarsa daga cikin gida. "Kun ƙone wa ɓeraye gidansu, ina kuke so su kwana? Sai ɗakin uwarku!" Samarin suka watse suna dariya, amma a shekarar ba su sake ba.

Wani abin da ke damunsa kuma, wanda ba wanda ya taya shi damuwa, shi ne ungulaye. In muka bi ta kusa da mayanka sai ya tsaya ya ɗaga kai yana duban sama. "Uwata, ina ungulayen garin nan?" Na ce, "Baffa, Allah Ya raka taki gona." A'a, ban faɗi haka ba, tsoronsa nake ji. Cewa na yi, "Wa ya damu da su, abin ƙyama?" Ya harare ni. Ya ce su ne masu sharar gari, abin da ya mutu da safe kafin azahar sun gama da shi. Yanzu da suka ɓace karnuka ne ke ci, su yi ƙiba su hayayyafa, su shigo unguwa da haukarsu. "Ungulu ba ta taɓa cizon ɗan kowa ba," in ji shi, ya ci gaba da tafiya yana girgiza kai.

Da Inna kuwa rigimarsu a kan nono ce. Shi ya dage sai an tafasa madara kafin a kwantar da ita, saboda bakkale, ciwon nan da ke sa saniya ɓari ya kumbura mata gwiwa, ya bi madara ya shiga mutum. Inna ta ce, "Malam, nonon da uwarka ta sha ɗanye har ta tsufa?" Ya ce, "Ta tsufa, amma kin manta yadda take kwana da ciwon gaɓoɓi da zufa, ana cewa sanyi ne?" Inna ta tafasa tana ƙunƙuni. Bayan shekaru na ji ta da kunnena tana yi wa wata amarya faɗa don ba ta tafasa ba, kamar ita ta ƙirƙiro dokar.

Duk waɗannan ƙananan rigingimu ne. Babbar rigimar Baffa da mutanensa a kan kalma ɗaya take, mushe.

Wanda ya tashi cikinmu ya san yadda abin yake. Dabba ta kwanta tana shure-shure, ba wanda zai tambayi me ya same ta. Ihu ɗaya za ka ji, "A kawo wuƙa, kada ta yi mushe!" In aka samu aka yanka da bismillah kafin rai ya fita, shi ke nan, hankali ya kwanta, nama ya halatta, a raba wa maƙwabta a ce an yi sa'a. In ta riga wuƙa, asara ce da abin kunya, har a riƙa cewa gidan wane sun yi sake. Baffa ya sha faɗa mana cewa wuƙa tana raba halal da mushe, amma ba ta cire ciwon da ya kayar da dabbar. Yana nan a jinin, yana nan a naman, har a fatar.

Na ga ranar da ya tsaya a kan wannan magana shi kaɗai. Ina gidan ina wankan jegon ɗana na fari, wanda yanzu shi ma yana da 'ya'ya. A shekarar rani ya yi tsawo, shanu sun rame, sai aka yi ruwan farko, ciyawa ta ɗan tsiro, dabbobi suna kiwo har suna haɗawa da ƙasa. Da hantsi, na fito daga wanka ke nan jikina na tururi, na ji ihu daga garke. Farar saniyar Baffa ce, mai dogon ƙaho, wadda ya fi so duk cikin shanunsa. Da asuba lafiyarta lau aka tatse ta. Yanzu ga ta a ƙasa tana rawar jiki a kusurwar gona, wani baƙin jini na fita ta hancinta.

Kafin Baffa ya iso daga masallaci inda ya tsaya hira, an riga an kira Baba Mahauci. Shi ne mai teburin nama a bakin titi, dogo, mai muryar da ake ji daga wata unguwa, sa'an Baffa ne. Har ya kama kan saniyar ya juya shi alƙibla, jinin hancinta ya wanke masa hannu zuwa gwiwa. Ina leƙe ta katangar zana na ga Baffa ya zo da gudu, rigarsa na tashi, ya sa sandarsa tsakanin wuƙar da wuyan saniyar.

"Likitan awaki, matsa mini, za ta yi mushe!" in ji Baba Mahauci.

"Ta yi."

"Ta yi me?"

"Ta yi mushen. Saniyata ce."

Wuri ya kaure. Wani ya ce almubazzaranci ne, wani ya ce boko ya ci kan mutumin nan. Baba Mahauci ya nuna gidanmu da wuƙa ya ce, "Ga 'yarka can tana jego, ko ƙauri ba a dafa mata ba, za ka bar nama ya lalace? Ka ji tsoron Allah!" Wallahi a wannan lokacin ni ma bayan Baba Mahauci nake. Mai jego da yunwa ba ta san wani ciwo ba, romo kawai nake gani yana shure-shure a ƙasa.

Baffa bai ɗaga sandar ba. Ya ce, "Ku dubi jinin. Baƙi ne, kuma ba ya daskarewa, alamar cutar nan mai kashe dabba farat ɗaya. Saifa ce. Wanda ya ci, wanda ya feɗe, wanda ya ɗauki fatar, duk za ta iya kama shi. In kuka farke cikin nan kun zuba ta a ƙasar nan ke nan, kuma ba ta mutuwa a ƙasa." Ya juya ga Baba Mahauci. "Kai kuma je ka wanke hannun nan da sabulu, na ga yanka a jiki."

"Hannuna ya taɓa jinin da ya fi shekarunka yawa," in ji Baba Mahauci, ya goge a wandonsa.

Suna cikin haka saniyar ta cika. Mutane suka watse suna tsaki. Baffa da wasu mutum biyu da suka ji tausayinsa suka haƙa rami mai zurfi a nan inda ta faɗi, suka tura ta da sanduna, aka zuba itace da kananzir aka cinna, da wuta ta mutu aka rufe. Ya kewaye wurin da ƙaya. Da ya shigo gida ya yi wanka, na gan shi zaune a bayan ɗaki yana hawaye shiru. Rabin garkensa zuriyar wannan saniyar ne. Washegari ya hau babur ya shiga gari, ya dawo da ƙafafun saniya daga mayanka, ya dire a ƙofar ɗakina. "Uwata, ga ƙaurinki, ki daina harara ta."

Baba Mahauci har ƙara ya kai wurin mai unguwa, wai Baffa yana koya wa mutane wulaƙanta ni'imar Allah. Ba a gama sauraron ƙarar ba Maman asibiti ta wuce ta teburinsa, ta ga ya naɗe hannu da tsumma. Ta sa ya kwance. Hannun ya kumbura suntum, ga wani gyambo mai baƙin tsakiya kamar an ɗiga kwalta. Ta zo ta faɗa wa Baffa ko jakarta ba ta ajiye ba. Baffa ya tada babur ya tsaya gaban teburin.

"Hau."

"Ba zan hau ba."

"Hau, ko in ɗaure ka a baya kamar ɗan maraƙi."

Ya hau. Baffa ya kai shi asibiti, ya yi ta zirga-zirga da abinci har aka sallame shi. Hannun ya warke, ya bar tabo mai faɗin kwabo. Kuna tsammani ya ce na gode, ka yi gaskiya? Tabɗi! Cewa ya yi gizo-gizo ne ya cije shi. A kan wannan gizo-gizon suka tsufa. Kullum da safe Baffa zai je ya zauna a bencin teburin nama, ya ce, "Sarkin wuƙa, ya gizo-gizo?" Shi kuma ya ce, "Yana gaishe ka, Likitan awaki. Yau naman wa za ka binne?" Su yi ta yi har rana ta ɗaga. Duk unguwa ta san tabon da sunan gizo-gizon Baba.

Kusurwar nan kuwa Baffa ya dasa mata shingen bini-da-zugu, ya hana kiwo, ya hana noma, ya hana haƙa. Ya ce ƙwayar saifa kwanciya take yi a ƙasa kamar irin ciyawa, ta yi shekaru tana jira, sai an tone ƙasar ko ruwan farko ya taso da ita. A hankali gari ya iso Inkil. Gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje masu get. Masu saye suka yi ta zuwa, ya ce bai sayarwa. Hamma, babban ɗansa, wanda yake kudu yana tuƙin manyan motoci lokacin farar saniya, ya dawo ya zauna a unguwar Gwallameji, ya so ya gina shaguna a wurin. Baffa ya ce ko bulo ɗaya. Yaran sababbin gidaje kuma suka ƙaga cewa aljanu ne a ciki. Wannan ya fi komai ba shi haushi. "Aljanu! Da aljanu ne da na kira malamai mun yi addu'a sun tashi. Wannan sai dai a bar mata wurin."

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka Hamma mutumin banza ne. Da bazarar nan shi ya riƙa ɗaukar Baffa a hannu zuwa mota, shi ya yi ta kwana a benci a asibiti. Labarin farar saniya ne kawai bai gani da idonsa ba, a kunne ya ji shi, tare da labarin gizo-gizo. Muna can muna jinya, tifa mai kawo yashi gidan da ake ginawa kusa da mu ta taka shingen, magina kuma suka kankare ƙasa daga gefen kusurwar. Da aka dawo da Baffa gida, ranar da aka yi ruwan farko, ya buɗe ido ya ce, "Uwata, ƙamshin ƙasa nake ji. A duba shinge." Na faɗa wa Hamma, nan take ya sa aka toshe da ƙaya. Ba wanda ya san sabon makiyayin da aka ɗauka ya riga ya bar shanu sun shiga, don nan ne kaɗai ciyawa ta rage.

Ranar bakwai tun da sassafe gida ya cika. Mata muna tsakar gida, tanda uku a wuta muna suyar masa, maza sun cika tabarmi a waje har bakin titi. Sai ihun makiyayi daga garke. Wata karsana ce daga zuriyar farar saniyar nan, ta faɗi tana rawar jiki. Na ji muryar Hamma, "A kira Baba Mahauci, maza! Allah ne Ya kawo, ga jama'a, a yanka a yi wa Baffa sadaka."

Inna tana ɗaki cikin takaba. Ko ba takaba ma, Hamma ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta yi masa magana ido da ido ba, kunyar da aka raine ta da ita ke nan. Ta damƙe wuyan hannuna, ta ce, "Je ki." Na fita da cokalin juya masa a hannu, ban ma san ina riƙe da shi ba.

Na tarar samari sun ɗauko igiya. Ina ganin hancin karsanar na gane, jinin nan ne, baƙi, yana ɗiga. Na daka musu tsawa, "Kada wanda ya taɓa ta!"

Hamma ya juyo, idonsa jajir don kwanakin nan ba ya barci. "Ke, koma cikin mata."

"Hamma, dubi hancinta. Saifa ce."

"Yaushe kika zama likita? Tana da rai, halal ce. Ba zan bari a ce an yi mushe a gidan Baffa ranar sadakarsa ba. Me na yi masa? Ko wannan ba zan yi masa ba?"

"Mushe nawa aka yi a gidan nan da izininsa? Hamma, mutanen da ke kan tabarmin can da 'ya'yansu za ka ciyar!"

Dattawan da suka taso suka fara sa baki. Wani ya ce ai wuta tana kashe komai, wani ya ce a yi sauri rai na fita. Ni kaɗai ce mace a wurin, da cokali a hannu. Na san in wuƙa ta iso ba mai saurarona. Ga shi kuwa ta iso. Baba Mahauci ya taho yana dogara sanda, ya ranƙwafa, wuƙar na rataye cikin kube. Na fid da rai, don duk duniya ba wanda ya fi shi jiran wannan rana.

Bai taɓa karsanar ba. Ya tsaya ya dubi hancinta, ya daɗe. Ya ɗaga kai ya dubi kusurwar, inda sabuwar ƙaya ta toshe karyayyen shinge. Ya tambayi makiyayin, "A can ta yi kiwo?" Makiyayin ya ce e, kwanakin baya.

"Baba, bismillah, lokaci na tafiya," in ji Hamma.

Baba Mahauci ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun riga a hankali har gwiwa, ya ɗaga hannun sama. "Kun san wannan?"

Wani daga baya ya ce, "Gizo-gizon Baba." Har wasu suka yi 'yar dariya.

"Ba gizo-gizo ba ne," in ji shi. "Jinin kakar wannan ne. Ban yanka ba, ban ci ba, taɓawa kawai na yi, na kusa rasa hannu. Hamma, ubanka ya sani, ni ma na sani tun a kan babur ɗinsa." Ya sauke hannun. "Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa. To in na faɗa, a kan me za mu yi faɗa da safe?"

Hamma ya ce a hankali, "Baba, za ta yi mushe."

"Ta yi, ɗana. Ta yi mushen."

Ya sa aka kawo masa turmi, ya kife shi nesa kaɗan, ya zauna tsakanin karsanar da jama'a, wuƙar na kan cinyarsa cikin kubenta. Haka ya zauna har ta cika. Hamma ya durƙusa a wurin ya rufe fuska da hularsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Da ya tashi shi da kansa ya kira ma'aikatan dabbobi. Suka zo da safar hannu, suka ɗebi jini daga kunnenta ba tare da sun farke ta ba, aka ƙone aka binne, aka yi wa shanun unguwa allura. Maman asibiti ta tattara makiyayin da duk wanda ya kusanci jinin ta tasa su gaba zuwa asibiti. Daga baya sakamako ya fito, saifa ce.

A ranar masa da miyar taushe aka ci, ba ko tsoka. A ɗakin Inna na ji wata tana cewa gidan shanu guda a rasa nama a miya. Na buɗe baki zan ba ta amsa, Inna ta taka mini ƙafa. Ta ce, "Bar ta. Ta ci abincin Malam, za ta kwana a gidanta."

Hamma ya sake dasa bini-da-zugun da hannunsa, ya ƙara waya a bayansa, maganar shaguna kuma ba a sake tada ta ba. Ranar arba'in na tsaya a ƙofar zaure ina kallon masu shigowa. Tsohuwar Ɗan Iya mai akuya, mai kaji, dattijon da ya ce wuta na kashe komai, samarin igiya, har mai ƙorafin miya, duk wanda ya zo bakwai ya dawo da ƙafafunsa. Ba mu yi zaman makokin kowa ba a tsakani. Ni dai ban san wata sadaka da za mu yi wa Baffa da ta kai wannan ba. Allah Ya kai masa ladanta, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa mu tarar da shi cikin rahama.

Da aka watse, Baba Mahauci ya tsaya a bakin zaure yana neman takalminsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya gyara murya.

"Ya awaki?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

"Kaji fa, suna ci?"

"Suna ci."

"To," in ji shi, "ya yara, Uwata?"

Na nemo masa takalminsa, na ajiye a gabansa.